Layin Garga

Haman ɗan arewa ne, amma a unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde ya girma, a gidan kawunsa tela. Bai ɗauki almakashi ba, wayoyi ya koya. Daga bakin kasuwar Mokolo har unguwar Madagascar, duk shagon da intanet ɗinsa ya ƙi, shi ake kira. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma ba ya barin gyara sai ya ga ƙarshensa.

Alhaji Ɗanmalam, mai manyan motocin da ke sauko da albasa da busasshen kifi, shi ya ɗauke shi aiki. Ban da ofishinsa na Yawunde, Alhaji yana da ƙaramin ofis a wani gari kusa da iyaka, can ƙuryar arewa, kuma Haman ne ya haɗa ofisoshin biyu da tarho mai bi ta intanet. Mai riƙe da wancan ofishin yayan Haman ne, Garga.

A shekarun da 'yan bindiga suka addabi iyakar, layin ya fara tangarɗa. Ana cikin magana sai muryar Garga ta kakkarye, ta ɓace, can ta dawo kamar ba abin da ya faru. Wata rana lafiya lau, wata rana ko sallama ba a ƙarasawa.

Haman ya sauya modem, akwatin intanet na ofishin Yawunde. Ya aika sabbin wayoyi ta hannun direba. Ya sa Garga ya hau kan kwano ya juya eriya, ya kashe kwamfuta kafin ya kira, ya riƙa faɗa masa launin fitilun nasa akwatin. Idan abin ya lafa sai ya ce ya gano matsalar, sannan ta dawo.

"Yaya, akwai abin da ya sake a wajenku?"

"Babu, Haman. Rezo ne kawai, sabis ɗin waya, ka san halinsa."

Wani direba ne ya gaya wa Haman gaskiya a wajen mai tsire. Maigadin hasumiyar sadarwar garin ya gudu tuntuni. Janareton da ke ba ta wuta yana tashi ne kawai idan motar mai ta samu rakiyar sojoji. Rabin garin ya watse. Garga ya san duk wannan, ya ɓoye, don yana tsoron Alhaji ya rufe ofis ya rasa abin ciyar da iyali.

Haman ya koma ya yi ta kira har layin ya shiga.

"Yaya, na ji komai. Ka kwaso Kulsum da yara ku taho. Ɗakina ya ishe mu."

"In kaya na ƙarshe suka tashi, zan..."

Muryar ta yanke. Ya sake kira ranar, ya sake washegari. Layin bai ƙara shiga ba.

Kulsum, matar Garga, ta iso Briqueterie da yara a bayan motar albasa. Ta ce shi ya ɗora su, ya koma ya kulle ofis, ya ce zai biyo mota ta gaba. Ba wata mota da ta sake fitowa daga garin.

Haman ya je arewa neman sa, sojoji suka mayar da shi daga shinge. Ya tambaya a sansanin 'yan gudun hijira, ba wanda ya gan shi. Ya dawo ya bar wa Kulsum ɗakin, shi yana kwana a shagon kawunsa. Har yau yana gyara, amma ya rame, kuma in yaran suka tambayi babansu sai ya tashi ya fita.