Alamar Kawu Gilkirist

Kawuna Gilkirist magini ne, kuma kamar kowane magini a ƙasar Sikotilan, yana da alamar da yake sassaƙawa a jikin duk dutsen da ya fafe. Tasa ƙafar hankaka ce.

Da Ingilawa suka ci garinmu, shekara tara suna tilasta masa gina musu ganuwa, ba sa ba shi komai sai kunu da bulala. Matarsa Morag ta sha roƙonsa ya daina sa alamar, shi kuwa ya ce dutsen da ba alama shegen dutse ne.

Daga baya mayaƙan sarkinmu suka ƙwace ganuwar. Dokar sarki kuwa ita ce a rushe duk ganuwar da aka ƙwato, kada Ingilawa su dawo su fake a ciki. Kawu ya rushe aikinsa da hannunsa, wata biyu cur.

Ranar da ya gama, shugaban mayaƙan ya juya wani dutse da ƙafa, ya ce, "Tsoho, wannan ƙafar hankakan ta wa ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe," in ji Kawu, har da murmushi.

"To, kai ne ka gina wa maƙiya ke nan."

A kan dutsen suka sare masa hannun dama.

Bayan shekara goma sha huɗu aka buga ƙararrawar coci, ƙasa ta sami 'yanci, jama'a suna ta tafa hannu. Wani tsohon mayaƙi ya zunguri Kawu, ya ce, "Baba, ba ka tafawa?"

Kawu ya ɗaga dungulmin hannunsa. "Miƙo naka ɗaya mu haɗa."