Faifan Mama Rahila

Har yanzu ban manta da ranar da aka aike ni unguwar Rikoto in sallami Mama Rahila ba. Lokacin ni ce mai duba kaya a shagonmu na Zuru. Muna karɓar faifai da kwanduna daga ƙungiyar matan da tashin hankali ya koro daga ƙauyukan Ribah, mu sayar a birni, su sami haƙƙin guminsu cikakke.

Ƙa'idar ita ce, mai saye ya zaɓi samfuri, kowa ta saƙa irinsa. Wadda aka mayar wa kaya sau uku, sai ta bar ƙungiya. Mama Rahila kuwa ta cika na ukun. Saƙarta ba ta da na biyu, amma zanenta kullum daban, kuma a kowane faifai sai ta bar wani gurbi fari fat, ba rini. Ni kuma a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni ido.

Na hau kabu-kabu da takardar sallamarta a jaka. Na same ta gindin mangwaro, kaba jiƙe a kwano.

Na ce, "Mama, me ya hana ki bin samfuri?"

Ta ce, "Zauna, ɗiyata." Ta ɗora faifai a cinyata, ta bi shi da yatsa. "Ga dutsenmu. Ga rafi. Nan gonar babana, inda maigidana ya yi noman golmo shekara bakwai kafin a ba shi ni."

Tana magana a hankali, ni kuma sai na ga garin. Na ga dawa ta yi kai, na ga hayaƙi a bayan rumbuna, har ƙamshin ƙasar farkon damina na ji. Ban san tsawon zaman da na yi ba.

Na nuna farin gurbin. "Nan fa?"

"Gidanmu ne. Ban san yadda ya koma ba, mi zan rina?"

Kunya ta rufe ni. Takardar ba ta fito daga jaka ba. Da na koma, manajan shagonmu ya yi ta faɗa kwana biyu, daga baya ya ware mata kanta guda a shago.

Ku da kuka zo bayanmu, in kun ga abin da ya yi kama da kuskure a saƙa, ku tambayi mai hannun tukuna. Mama Rahila ta rasu bara, ba ta rina gurbin ba.