Faifan Direba a Gonar Shinkafa

Shekarar da ruwa ya shigo unguwarmu a Haɗeja, na ɗora kwamfutata a kan durowa na ce na tsira. Ashe laima ba ta neman tsani. Tsohuwar na'ura ce mai allon nan mai ƙeya kamar tulu, manhajar da ke cikinta kuwa masu ita ma sun daɗe da yi mata sallama. Abokaina Hajiya suke ce mata. Abu ɗaya ya hana ni yar da ita: a cikinta akwai bidiyon sunan 'yar yayana, kuma nan ne kaɗai yayan nawa yake motsi yana magana. Direba ne, yana kai kifi da tattasai Kano. Kullum hanya muke jiye masa tsoro, sai ga shi zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi a kan gadonsa.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa yarda ta kalli bidiyon ba. Sai bayan ruwa ya janye ganinta ya fara raguwa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ran nan da hantsi ta aiko a kira ni.

"Kunna mini akwatin nan naka," in ji ta. "Ina son in ga yaron nan tun ina iyawa."

Na kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Da na kwance bayanta sai na tarar katin hoto, wanda ke aika hoto zuwa allo, ya yi tsatsa kore shar. Na zare shi, na mayar da wayar allo ɗaya ramin da ya zo da uwar na'urar. Hoto ya fito, amma wane irin hoto! Komai ya kumbura, launi goma sha shida kacal. Na buɗe bidiyon, fuskar yaya ta zama dabbare-dabbare, ja nan, toka can, kamar zanen da rini ya ɓata. Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"Wannan ba shi ba ne. Me ya same shi?"

Ni da bakina da ba ya jiran kaina, na ce, "Direba ne babu, Inna."

Ta ja da baya a hankali. "Na san babu shi," ta ce. "Ni na rufe masa ido."

Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na shiga kame-kame, ina cewa direba a wurinmu wata 'yar manhaja ce da ke koya wa na'ura yadda za ta yi magana da allo. Ta ce to, a nemo shi.

Na fara gwada hanyar ragwaye. Na kwashe bidiyon a ɗan filas na ajiyar bayanai na zaga da shi, kowace na'ura ta ƙi buɗewa, domin kyamarar aron da na ɗauka da ita tana da nata yaren, tsohuwar manhajar nan kaɗai ke jinsa. Dole sai Hajiya. Na birkice ɗaki ina neman faifan direban da ya zo da ita, sai matar yaya ta leƙo ta ce, "Faya-fayan nan masu ƙyalli? Ai yayanka ya kwashe su tuni, ya rataye a gona don korar tsuntsayen jan-baki."

Na hau babur na nufi fadama raina a ɓace, ina yi wa mamaci faɗa a zuci. Gonar shinkafar tana nan, ruwa ya kwantar da rabinta. A kan igiyar da yaya ya ɗaura tsakanin sanduna, faya-fayaina suna ta juyi suna walƙiya. Ya huda kowanne da ƙusa mai zafi, ya yi irin ƙullin nan nasa na ɗaurin kaya da ba mai iya kwancewa. Na gane faifan da nake nema da ɗan guntun rubutun da rana ta rage. Ya yi damina uku yana gadin shinkafa, bayansa duk ya ɓare. Na tsaya riƙe da shi, faɗan ya tsere mini, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Daga nan sai bin masu gyara. Duk wanda na gaya wa sunan na'urar sai ya yi dariya ya ce in kai ta gidan tarihi. Wani dattijo a Malam Madori, mai gyaran rediyo da ya koma kwamfuta, shi ya juye mini direbobi iri-iri ya ce in yi ta gwadawa. Na farko ya kashe allon gaba ɗaya. Na sake kunnawa ina dukan maɓallin F8 kamar mai bugun ƙofa, na shiga ta yanayin lallaɓawa da ake gyara a ciki, na cire shi. Na biyu ya kawo launi amma hoton yana rawa, sai da na rage saurin bugun allon, duk da haka ya tsage gida biyu. Ga wuta da ke zuwa lokacin da ta ga dama. Sati biyar na yi a haka. Kullum da safe idan na je gaishe ta, Inna takan tambaya, "An samu direban?" Ta riga ta karɓi kalmar, ni ne na kasa jure jin ta a bakinta.

Wata Laraba bayan azahar na dace da direban da ya yi daidai. Na sake kunna na'urar, rubutu ya koma ƙanana, launi ya cika. Na buɗe bidiyon, ga yaya tar, har tabon da ke goshinsa, yana tsokanar mahauci wai ya ɓoye hanta. Na ruga na riƙo hannun Inna na zaunar da ita.

"An samu, Inna. Ga shi nan."

Ta matso kamar wancan karon. Ta juya kai dama, ta juya hagu, tana neman gefen idon da ya rage. Muryarsa ta cika ɗakin. Ta daɗe a haka, sannan ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin.

"Wace riga ce a jikinsa?"

"Shuɗiyar nan mai aiki a wuya."

"Ranar farko na ga shuɗin," ta ce. "Da na sani da ban ce ba shi ba ne."

Bidiyon ya ƙare, ta ce in mayar da shi farko. Hannunta yana nan a kan fuskarsa, ya rufe ta duka, ni ma ban ga komai ba.