Kuol, Wa Zai Yi Wa Shanuna Allura?

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Kuol Thon, ƙanen marigayi mijina, ya rasu a garin Bor bayan kwana tara yana fama da zazzaɓi. Kuol, ko sallama ba ka yi mini ba, marar kunya.

Shekarar da ƙasarmu Sudan ta Kudu ta sami 'yanci, wasu sojojin ƙasar waje suka sauka garinmu. Ba su riƙe bindiga ba, sai akwatin sanyi da allurai, wai likitocin shanu ne. Kai ne tafintansu. Ka zo ka ce, "Matar yaya, gobe ki fito da garken nan."

Na ce, "Wautarka tun ta yarinta ba ta sake ka ba. Yaushe mai kaki ya taɓa duba saniya bai tafi da ita ba?"

Sai na yi wayona. Na kora ƙosassu goma sha ɗaya cikin fadama na ɓoye, na kai musu tsofaffi huɗu ramammu. Wani soja mai gashin baki ya durƙusa cikin kashin shanu yana yi musu allura yana lallashinsu kamar jarirai, ni kuwa ina dariya a ciki. Da ciwon huhu ya shigo da damina, na fadama suka mutu kaf, tsofaffin suka tsaya da ƙafafunsu. Ba ka taɓa tona ni ba. Sai dai in mun haɗu a coci ka matso ka yi kukan saniya ƙasa-ƙasa, in zungure ka da sanda.

Sun koya maka allura kafin yaƙi ya dawo a kwashe su. Suka bar maka akwatin. Shekara da shekaru kana ɗaure shi a bayan keke, kana bin garke garke, kana roƙon magani duk inda ka ji an kawo. Ba ka koya wa kowa ba, don samarin da za su koya bindiga suka zaɓa.

Yau shanu uku suka rage mini, jikokin tsofaffin nan, su ke ciyar da gidana. Jiya jar cikinsu ta ƙi ciyawa, hancinta na zuba. Na aika Bor, aka ce babu wanda zai zo.

Allah Ya ji ƙanka, Ya ba ka hutun da keken nan ya hana ka. Ayen matarka da 'ya'yanku, Allah Ya ba su haƙuri. Ayen, kada ki jira a gama makoki, ki aiko a karɓi nono tun akwai.