Kiyashi a Makewayi

Yau da safe na ga kiyashi ya taru inda na yi fitsari. Na tuna Gwaggo. Haka nata yake tara su, tana dariya: "Ke 'yar nan, ni har fitsarina masoya gare shi!"

Da tushiyar gero ta soke ta a ƙafa, ni nake wanke mata da ruwan bagaruwa, gyambon sai wari yake. Likitan garin Gazawa ya ce suga ya kwantar da sojojin jininta, ba mai tare ciwon. Ƙafar nan ta kai ta kushewa.

Ni ma fason dugadugina ya ƙi rufewa. Gobe sai Gazawa, a auna ni. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sa nawa sojojin suna tsaye.