Atishawar Ɗan Ƙarfe

Shekarun baya can, lokacin da bidiyo ya fara shiga gidajen cikin birnin Zariya, yayana ya aro wani kaset a Gyallesu. Fim ne na Turawa, labarin wani mutum-mutumi na ƙarfe da ba shi da buri sai na zama ɗan'adam. Ni kuwa na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, Turancina rabi ji rabi ƙage, amma ni aka naɗa tafinta.

Kakata tana gefe. Tun da idonta ya rufe ta daina hira, takan ce ta zama tsohon turmi, sai a kewaye ta a wuce. Ranar nan bayan la'asar, da na ce ɗan ƙarfen yana tsaye cikin ruwan sama yana so ya ji sanyi, sai ta jawo tabarmarta kusa.

"Maigida," haka take kirana don tsokana, "shi ma ba a sa shi cikin mutane?"

"Ba a sa shi, Kaka."

"To zuba min ido. In ya yi atishawa, rai ya shiga. Haka aka yi da kakanmu na farko."

Muka yi ta bin sa cikin biranen gilashi, ina faɗa tana gyaɗa kai, har na fara jin kamar ita ke gani ni ke saurare. Can ƙarshe aka kwantar da shi, wani mai farar riga ya zare waya, hasken idonsa ya mutu. Na san in na faɗa mata za ta ɗauka labarinta ne, ta koma shirunta.

Sai na juya baya, na kare baki da hannun riga, na saki atishawa.

"Kaka, ya yi!"

"Yarhamukallahu," ta ce wa talabijin, tana murmushi.

Ina ta yaba wa kaina dabara. Da za ta tashi alwalar magariba ta dafa kafaɗata ta ce, "Ikon Allah. Ɗan ƙarfen Turawa, amma atishawarsa sak ta marigayi kakanka."

Kunya ta kama ni, ita kuwa dariya har da tari. Daga ranar hira ta dawo bakinta, ba ta sake yin shiru ba sai da Allah ya karɓi abarsa.

Na zaci ni na rufa mata asiri, ashe ita ta rufa min. Ina kewarta ƙwarai. Har yau in na yi atishawa ni kaɗai a ɗaki, nakan ce alhamdulillahi, sannan in ɗan saurara.