Binciken Gidan Mai Jar Dara

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da Gwaggona, yayar mahaifinmu, ita da ledar goronta da carbinta, ni kuwa da ciwon kan da na san yana tafe. Binciken aure ne ya ɗaga mu zuwa Kaduna. Ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, ta kawo wani saurayi da ke aikin gwamnati a can, yaro mai natsuwa, kowa ya yaba. Sai da aka tambaye shi ɗan waye, ya faɗi sunan mahaifinsa, Gwaggo ta ajiye ludayin kununta.

Uban yaron tsohon ɗan wasan kwaikwayo ne da ya daɗe yana fitowa a talabijin a matsayin wani mugun mai unguwa, Mai Jar Dara. A cikin shirin ya ƙone rumbun maƙwabcinsa, ya kashe aure huɗu, ya kori wata tsohuwa daga gidanta ana tsuga ruwa. Gwaggo ta ga duk wannan da idonta, ta ce ba za a kai 'yar da ta raina gidan azzalumi ba. Baba ba ya tsallake maganar yayarsa, don haka ya ce mu je mu bincika, abin da Gwaggo ta dawo da shi, shi za a yi. Ƙanwata ta rako mu tasha idanunta jajawur, wallahi sai da tausayinta ya kama ni.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kuma duk da haka mu huɗu aka cusa a kujerar mutum uku. Kafin mu kai Giwa na fara aikina.

"Gwaggo, wasa ne fa. Rubuta masa ake yi."

"Yo me ya sa ba su rubuta wa wani ba? Sun san wanda suka ba."

Na zaci fasinjoji za su taya ni. Ina! Wani dattijo mai kwandon kaji ya juyo ya ce shi ma bai manta da rumbun nan ba, dawa ce cike har baki. Direba ya ce shi dai ba zai ɗauki mutumin ba ko da kuɗin shata. Daga Shika har Samaru ni kaɗai nake kare bawan Allah da ban taɓa gani ba. A Kwangila muka tsaya karyawa, na sayi ƙosai da ya ƙanƙance ya koma kamar gyaɗa, na ci don dai in samu dalilin yin shiru.

Hanyar Zariya zuwa Kaduna wani wuri sumul, wani wuri sai ka tuna da kalmar shahada. Muka wuce Jaji da Rigachikun, muka sauka a Kawo da hantsi, muka hau keke-napep zuwa Unguwar Kanawa, tsohuwar unguwa mai lunguna da yawa, inda kowa ya san ƙofar kowa.

A ƙa'idar bincike ba a fara shiga gidan mutum, sai a zagaya. Limamin unguwar ya ce mini uban yaron a sahun farko yake sallah. Mai shago ya ce bai taɓa jin muryarsa a sama ba. Duk shaidar da na kawo, Gwaggo sai ta gyaɗa kai ta ce, "Haka ya yi wa mutanen ƙauyen can, sai da suka saki jiki."

Muka zauna wajen wata mai waina, waina mai laushi da miyar taushe, ita kaɗai ce abin da Gwaggo ta yaba a Kaduna ba tare da sharaɗi ba. Matar na jin abin da ya kawo mu ta saki cokalin juyi. Ta ce babbar 'yar mutumin manema biyu suka janye mata saboda irin wannan binciken, kuma akwai ranar da wata mata ta hana shi tumatir a Babbar Kasuwa, ta ce ya je ya mayar da tsohuwa gidanta tukuna. Na yi dariya, sai na ga ita ba dariya take ba. Ta ce in muna son ganinsa yana wani zaure ta wajen Mando, yana shirya wasan daɓe.

Mun same su ana gwaji. Na yi ta waige-waige ina neman ƙaton mutum, ashe shi ne ɗan siririn tsohon nan mai sanƙo, da tabarau ɗaure da zare, yana kurɓar shayi. Tsohon labarin nan suke sabuntawa a kan dandamali, shi ne darakta, wani ɗan wasa mai faɗin ƙirji kuma ya kafa jar dara yana ta zare ido yana tsawa. Muka zauna a bencin baya. Minti biyar Gwaggo ta iya daurewa.

"Kai! Ba haka ake mugunta ba!"

Kafin in riƙe gyalenta ta isa gaba. Ta ce wa ɗan wasan mugun kirki ba ya ihu. Hular yake fara turowa gaban goshi da yatsa ɗaya, ya yi murmushi, ya tambayi lafiyar iyalinka, sannan ya gama da kai. Tsohon ya cire tabarau yana kallonta.

"Hajiya, har yau kina riƙe da wannan?"

Ya karɓi hular ya kafa, ya turo ta da yatsa ɗaya. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Mutumin bai motsa daga inda yake ba, amma fuskarsa ta sauya, murmushin nan ya fito, ya ce, "Ya mutanen gida?" Ni kaina sai da na manta wasa ne. Gwaggo ta ja da baya tana a'uziyya. Ya cire hular, sai ga ɗan tsohon mai shayi. Ta ce ya sake sawa. Sau uku ta sa shi yana sawa yana cirewa, tana leƙen cikin hular.

Da na ce daga Funtuwa muke, ya gane sauran. Ya zaunar da mu ya ba mu labari: a wasan daɓe ya fara tun yana ɗan makaranta, talabijin ta ɗauke shi, daga baya finafinan kaset suka zo, duk wanda ya neme shi mugu yake so. Da ya zama darakta sai ya ba kansa liman a wani fim. 'Yan kallo suka zauna suna jiran liman ya nuna halinsa har fim ya ƙare, suka ce an cuce su. Muka yi dariya, shi ma ya yi, sannan ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, ni na sa hular nan, ba yaron ba. Kada a hukunta shi da ita."

Gwaggo ta ja carbinta. Can ta ce, "Tsohuwar nan da ka kora, ina ta kwana? Shekara da shekaru ina sa ta a addu'a."

Ya ce mu tashi mu je ta gani. Muka koma Unguwar Kanawa, wata dattijuwa ta fito tsakar gida tana mana maraba. Ita ce. A lokacin budurwa ce, aka barbaɗa mata hoda a gashi, ruwan kuma da butar ban-ruwan lambu aka kwarara mata. Ta ce mura ta kwantar da ita sati guda, shi ya yi ta zirga-zirgar kawo magani, daga nan magana ta fara. Ita ce uwar saurayin ƙanwata. Gwaggo ta rungume ta tana hawaye tana cewa, "Ashe kin samu wurin zama!"

Mun iso Funtuwa bayan magariba. Ƙanwata na raɓe a bakin ƙofa, Baba na kan tabarma. Gwaggo ta zauna, ta sha ruwa, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ja mana rai son ranta, sannan ta ce, "An ba su." Ta buɗe ledar goro ta zaro jar darar, ashe da za mu taho ta ce sai an ba ta.

Tafiyar nan ta koya mini cewa mutum kan iya aikinsa har aikin ya hana shi tumatir, ya kori manema 'yarsa, kuma ba wanda zai ce masa sannu. Ƙanwata tana kuka tana dariya. Baba ya ɗauki hular zai gwada, Gwaggo ta fizge ta, ta ƙulle ledar tamau, ta ce a gidan nan ba wanda zai sa ta muddin tana numfashi.